Gidan da Muka Kushe

Matakala hamsin da takwas ne daga ƙofar titi zuwa ƙofarmu. Na san adadinsu kamar yadda na san haƙorana, don kullum sai na hau su bayan na wuni a tsaye a ɗakin wankin asibiti ina ninke zannuwan gado. Hawa na huɗu muke haya, ginin kuma ba shi da lif, na'urar hawa bene. Ni dai ƙafa ce ke ciwo ta huce. Surukata Inna kuwa, tun da gwiwoyinta suka ƙi ta, wata bakwai ke nan ba ta taka ƙasa ba, sai ranar ganin likita da ɗanta zai goya ta ya sauko da ita tana salati a kowace kwana. Sauran kwanaki tana bakin taga, tana ba mu labarin wanda ya ajiye mota a karkace.

Saboda ita muka shiga neman gida. Shekararmu shida a ƙasar nan, baban yara yana tuƙa bas, ni ina wanki. Sai da muka yi wata uku muna jigilar takardu kafin banki ya ba mu wasiƙar da ta faɗi iyakar abin da za mu iya saye. Da wannan wasiƙa ake zuwa wurin dillali a nan. In ba ka da ita, ko kujera ba za a nuna maka ba.

To, baban yara kafin mu zo nan dillalin motoci ne, kuma ba ƙaramin dillali ba. A kasuwa Sai-da-Rabi suke kiransa, wai duk kuɗin da ka yanka wa motarka sai ya saye ta a rabinsa kana yi masa godiya. Hanyarsa ɗaya ce: kushe. Ya zagaya mota yana tsaki, ya shuri taya, ya ce injin nan tari yake yi, har mai ita ya fara jin kunyar kansa. A wurin Inna ya koya, don ita ma shekara talatin ta yi tana sarin kwanuka. Karatunta guda ne: abin da kake so, kada idonka ya nuna.

Dillaliyar da muka samu wata doguwar mata ce mai fayil a hammata, kullum cikin sauri kamar ta bar tukunya a wuta. Gida tara ta nuna mana. Wani matakala, wani tsada, wani kuma kafin mu gama shawara an sayar. Ranar wata Asabar ta kai mu na goma.

Wallahi ina sauka daga mota na ce a raina wannan ne. Gida ne na ƙasa, ɗaki uku, da ɗan lambu a baya. Daga bakin titi har ƙofa an shimfiɗa gangaren katako mai sandar dafawa a gefe, an goge shi sumul, yadda za ka tura keken mara lafiya da hannu ɗaya. Ƙofar banɗaki mai faɗi. Ɗakin gefe tagarsa na kallon lambu, rana na zubowa har tsakiyarsa. Na dubi baban yara, na ga ya cusa hannu a aljihu. Shekara goma sha tara muna tare, na san wannan cusa hannun. Gidan ya shiga ransa.

A nan ba kai kaɗai ake nuna wa gida ba. Rana ɗaya ake buɗe shi, kowa ya zo, a ba ku minti ashirin. Mun tarar da mutane wajen goma suna ta leƙe-leƙe. Akwai wasu miji da mata matasa, matar sai dafe ƙirji take yi a kowane ɗaki tana cewa kai, abin sha'awa. Baban yara ya raɗa mini, "Dubi waɗannan, za a yanke su ba wuƙa."

A lambu wata tsohuwa ce ke ba shuke-shuke ruwa. Ya tambayi dillaliya ko wace ce, ta ce mai gidan ce, yau ta ƙi fita. Sai na ga ya gyara tsayuwa ya yi gyaran murya. Na ce a raina, na shiga uku.

Da harshen ƙasar ya yi kushen, da ƙarfi kuma, don ta ji. Ya buɗe famfo ya ce ruwan ba ƙarfi. Ya ƙwanƙwasa bango ya ce danshi ya cinye shi. Ya buɗe kabad ɗin kicin ya rufe yana dariya, ya ce tun zamanin kakarsa aka daina irinsa. Na ja hannun rigarsa na ce, "Malam, don Allah sassauta." Ya ce, "Ke dai ki yi kallo." Da muka fito ƙofa ya tsaya a kan gangaren nan, ya sa ƙafa ya shuri gindin sandar dafawar kamar tayar mota, ya ce, "Wannan kuma wane kafinta ne ya yi wasa da katako? Kuɗin cire shi ma wani abu ne."

Tsohuwar ta ajiye butar ruwanta ta shige ciki. Shi kuwa ya kashe mini ido.

A mota dillaliya ta yi mana bayani. Ba ciniki a baki. Kowa zai rubuta tayinsa sau ɗaya, a sa a ambulan, a kai ofishinta kafin sha biyun ranar Litinin, mai gida ta zaɓa. Ta ce wasu sukan haɗa da 'yar wasiƙa su faɗi ko su wane ne da abin da ya sa suke son gidan. Baban yara ya ƙyalƙyale da dariya. "Wasiƙa? Aurenta zan yi? In gaya wa mai kaya ina son kayansa da hannuna? Wane irin ciniki ne wannan, ba albarka, ba ƙara kaɗan, ba na sallama?"

Da muka hau sama ya zauna gaban Inna ya ba ta labari tiryan-tiryan, har da shurin. Ta yi murmushi ta ce, "Madalla, ɗan nan. Yau ba za ta yi barci ba, gobe da kanta za ta sauko." Sai ta juyo gare ni. "Ke 'yar nan, da gaske daga ɗakin ana ganin ƙasa? Ƙasa ta shuka?" Na ce da gaske, Inna. Ta ce to a saya mata irin alayyafo.

Lahadi wuni muka yi muna faɗa, ƙasa-ƙasa, a kicin. Shi yana son ya rubuta ƙasa da kuɗin da aka sa wa gidan, wai ai ya riga ya karya mata gwiwa. Na ce masa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Na ce ba mota kake saye ba, ƙafar mahaifiyarka kake saye. Wannan ta shige shi. Ya ɗauki biro ya rubuta duk abin da wasiƙar banki ta yarda mana, bai rage ko sisi ba. Wasiƙar dai ya ce sai bayan ransa. Ni ma da laifina, don da na rubuta tawa na cusa a ambulan, wa zai sani? Na ji nauyinsa na bari.

Talata ina tsakiyar aiki dillaliya ta kira. Na fita bayan injinan wanki inda ƙara ta yi sauƙi. Ta ce tayinmu ne ya fi na kowa, da tazara ma, amma mai gidan ta zaɓi matasan nan. Na ce ban gane ba. Ta ce, "Cewa ta yi ko nawa ne ba za ta sayar wa mutumin da ya shuri gangaren ba."

Raina ya yi baƙi ƙirin. Na roƙi shugabar sashenmu awa biyu, na hau bas da kayan aikina a jiki, na je na buga wa tsohuwar ƙofa. Ta gane ni. Na tattaro ɗan harshen da na iya na zayyana mata komai: Inna, matakala hamsin da takwas, irin alayyafo. Na ce a wurinmu mai kushe kaya shi ne mai saye, wanda ba ya so wucewa yake yi bai ce komai ba. Na ce duk cikin mutanen nan ba wanda ya kai mijina son gidanki.

Sai ta fito ta dafa sandar. Ta ce mijinta ne ya yi gangaren da hannunsa lokacin da aka yi mata aikin ƙugu, sati uku yana yi yana warwarewa har ya zauna daidai, kuma bara ya rasu. Ta ce matasan sun rubuto mata shafi biyu a kan lambun da gangaren. "Me ya hana mijinki faɗa?" ta tambaye ni. "Kalma ɗaya ma ta isa." Ta ce jiya da yamma ta sa hannu a gaban lauya. Bakin alƙalami ya bushe.

A tashar bas ɗinsu na sami baban yara lokacin hutunsa, na sauke masa kwandon masifa a gaban motoci. Na ce Sai-da-Rabi, yau ka sayar da mu gaba ɗaya. Ina jiran ya yi musu in ƙara, amma bai yi ba. Ya zauna a kan dakali yana juya hularsa. A gida ya ce wa Inna wani ne ya fi mu kuɗi. Ta ce, "Ai da ka ƙara kushewa." Sai da na shiga banɗaki na saki famfo don kada a ji kukana.

Mun ga gida shida bayan wannan. Yanzu ba ya kushewa, ba ya yabawa, sai ya bi ɗakuna shiru kamar mai zuwa gaisuwar rasuwa. Ba ko ɗaya da keken mara lafiya zai shiga.

Wata biyu da faruwar abin, ranar wata Alhamis da la'asar, na ji ana hawowa da wani abu yana bugun bango a kowace kwana. Na buɗe ƙofa na ga baban yara jiƙe da gumi, da doguwar sandar katako a kafaɗa. Na gane ta tun kafin ya sauke. Ya ce ya bi ta layin ne, ya tarar matasan sun sa ma'aikata sun ɓalle gangaren gaba ɗaya, za su yi wurin ajiye mota. A cikin tarin shara ya tsamo ta. Masu shafi biyu ke nan!

Ya shiga da ita ɗakin Inna, ya ɗaure ta da igiya daga ƙafar gado zuwa ƙarfen taga, don mai gidan haya ya hana buga ƙusa. Ya ce ta riƙa dafawa in za ta je taga. Inna ta sa hannu ta shafa katakon tun daga wannan kai har wancan, a hankali, ta sake shafawa. Sai ta taɓe baki.

"Nawa ka saye wannan? Ai katakon ya tsufa, dubi nan ma ya..."

"Inna," ya katse ta, abin da ban taɓa jin ya yi ba. "Don Allah bari. Mai kyau ne. Wanda ya yi shi ya iya aiki, ban taɓa ganin mai kyansa ba."

Ta dube shi, ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta kama sandar da hannu biyu ta miƙe, ta ja ƙafa taku huɗu zuwa taga, ta tsaya kusa da ƙullin irin alayyafonta tana kallon titi.