Buhun da Gambo Ya Saki

Haliru ya durƙusa gaban buhun albasa, ya ja numfashi har cikinsa ya cika, ya ɗaure shi tamau. Sannan ya miƙe yana fesar da iskar a hankali. Buhun ya hau kafaɗarsa ba gardama.

Wata biyar rabonsa da kasuwar Aliero. Ranar da ya bar ta, a amalanke aka fitar da shi. Shi da Gambo ne ke ɗaga buhu ɗaya, ana saura kwana uku 'yan dako su zaɓi shugaba a tsakaninsu, sai Gambo ya saki nasa gefen. Ya ce hannunsa ne ya zame. Haliru kuwa ya ga idonsa.

Wata biyu ya yi kwance, matarsa ke juya shi. Daga baya aka kai shi sashen gashin ƙashi na wani asibiti a Jega, inda Malama Fadila ta ɗora tafinta a cikinsa.

"Malam, ƙarfin baya a nan yake," ta ce. "Ɗaure shi kamar za a naushe ka. Lanƙwasa gwiwa, kada ka lanƙwasa baya. Kuma kada ka riƙe numfashi."

Kullum bayan asuba sai ya yi atisayen, da Gambo a ransa.

Yau a kasuwa, Gambo, wanda yanzu shi ne shugaba, ya tsaya yana kallonsa. "Tsoho, mi ya hito da kai? Bayan naka ya ɗinku?"

"Zo mu gwada," in ji Haliru. "Ga motoci biyu na Alhaji Dalhatu. Buhu da buhu, wanda ya fara zama ya bar kasuwa."

'Yan dako suka yi shewa. Gambo ya tuɓe riga.

Da farko ya wuce Haliru da buhu shida. Yana sunkuyawa da ƙugu, ya cije, ya fizgo buhu da numfashi a maƙale, jijiyoyin wuyansa a waje. Haliru bai yi sauri ba. Ya ja, ya ɗaure, ya miƙe, ya fesar. Wajen buhu na arba'in suka yi kunnen doki.

Haliru ya ga ƙafar Gambo na rawa, ya ga ya fara dafe ƙugu. Ya san abin da ke tafe. Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da shi.

"Shugaba, ko ka gaji?" ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

Gambo ya sunkuya ya fizga. Sai ƙara. Ya kife kusa da buhun, ya kasa ko juyawa.

Aka taru a kansa, wani na kiran a kawo amalanke. Alhaji Dalhatu ya kutso, hankali tashe.

"Haliru, kai ina aka yi maka magani? Faɗi a kai shi yanzu!"

Gambo ya ɗago ido daga ƙasa, yana jira.

Haliru ya janye buhun daga gefensa, ya ja numfashi, ya saɓa shi a kafaɗa.

"Ni, Alhaji? Allah ne ya warkar da ni."

Ya nufi mota.