Awon Ƙafar Mota

Ranar da Tela ta goga motarta a jikin kwalbatin bakin layi, kafin ta kashe inji labari ya riga ta shiga gida. Motar ta hannu ce, ja, mai tabo a ƙofar baya, amma shekara huɗu Tela ta yi tana taka keken ɗinki kafin ta saye ta. Da ita take kai kayan makarantar da take ɗinkawa, da ita kuma ta yi niyyar kai Inna asibiti duk Talata. Kwananta tara kacal a hannunta.

Yaya, babban wanta, yana falo ya miƙe ƙafa. Mutum ne da ko kofi ya fashe sai ya ce dama ya faɗa.

"Kawo makullin," ya ce.

"Yaya, motar ce ke ja hagu. Ko na riƙe sitiyari sai ta fizge."

"Motar da ni na tuƙo daga wurin dillali? Sakin sitiyari na yi ta tafi ɗoɗar. Hannunki ne ke ja hagu."

Inna ta ɗago daga kan darduma. "Ki ba shi, 'yar nan. Ni dai ban shirya shiga asibiti ta ƙofar masu haɗari ba."

Wannan maganar ita ta fi yi wa Tela ciwo. Ta dunƙule makullin a hannu har ya yi mata shaida a tafi.

"Ba zan bayar ba. Gobe da la'asar in ban nuna muku laifin motar ba, ka ɗauka har da takardunta."

Abin haushin shi ne Yaya ba ƙarya ya yi ba. Kwana biyun farko motar lafiya lau take tafiya. Tela ta yi ta juya abin a ranta tana kafa maɓalli, har ta tuna abu ɗaya da ta yi wa motar: ta tsaya wurin mai faci an duba mata iska.

Da safe ta koma. Dattijon yana ƙarƙashin rumfarsa yana tsoma tif cikin bahon ruwa. Ta gaishe shi, ta tambaya ko ya tuna da motar.

"Yo ina zan manta? Iskar tayar gaban dama ashirin da biyu, gaban hagu talatin da takwas. Ni na daidaita su." Ya goge hannu a riga. "Tun ranar take ja, ko?"

"Tun ranar, Baba."

"Aikin dillalai ke nan. In ƙafar mota ta karkace tana ja hagu, maimakon su kai ta saiti, sai su rage iskar dama, su ƙulle ta hagu tam. Wannan ya ja nan, wancan ya ja can, sai ta miƙe har mai saye ya bar wurin. Sa hannu nan ki ji."

Ta durƙusa ta shafa gefen tayar na ciki. Ya cinye sumul kamar wuyan tsohuwar riga, alhali gefen waje zanensa na nan raɗau.

"Ki wuce gareji yanzu a yi mata saiti," in ji shi.

"A'a, Baba, sai gobe. In na gyara ta yau, Yaya zai tuƙa ya ji ta miƙe, ya ce ai dama hannuna ne."

Da la'asar ta shimfiɗa tabarma a gaban motar, ta fito da tef ɗin awo da allin ɗinki. Ta yi wa kowace tayar gaba alama, ta auna tsakaninsu ta gaba, ta kwanta ta auna ta baya. Yaya yana tsaye yana dariya, maƙwabta biyu sun leƙo.

"Ikon Allah! Riga za ki ɗinka mata?"

"Rabin inci ne bambancin," ta ce tana kakkaɓe zani. "Ni in na yi wa wando haka, mai shi dawo min da shi yake yi." Ta miƙa masa makullin. "Ungo. Ba kyauta ba ce. Tuƙa ka saki sitiyarin yadda ka ce ka yi."

Suka hau miƙaƙƙen titin bayan kasuwa. Yaya ya ɗaga hannuwa biyu yana murmushi. Kafin ya ce wani abu motar ta zame hagu ta nufi tulin yashi, ya cafke sitiyarin da salati.

"Titin ne ya karkace," ya ce.

"To juya mu dawo. In titin ne, ai dama za ta ja."

Ya juya, ya saki. Ta sake yin hagu. Daga nan ya mayar da su ƙofar gida yana share gumi da hula. Ya kashe mota ya bar makullin a jiki ya fita. Haƙuri dai bai bayar ba, ita ma ba ta sa rai ba.

Washegari aka yi wa motar saiti, ta sayi gejin iska nata na kanta ta jefa cikin jakar almakashi.

Ranar Talata Yaya ya zo da tasa motar kamar yadda ya saba, ya buɗe wa Inna ƙofar baya. Tela na zaune a tata, ta ƙi kallon kowa. Inna ta fito tana dogara sanda, ta wuce ƙofar da aka buɗe mata, ta ƙwanƙwasa gilashin Tela.

"Buɗe min gaba," ta ce. "Ki ja mu tafi kafin layin likita ya yi tsawo."