Ranar da Bodil Ta Ƙi Kunna Wuta

Har yau idan na ga sukundireban nan mai zugewa a hannun wani, sai raina ya ɓaci. Mariƙi ɗaya ne, ja da rawaya, da tsinkaye shida da ake sokawa a cikinsa. Ka danna maɓalli ka ja, tsinken ya yi tsawo. Ka tura shi ciki, ya gajarce har bakinsa ne kawai ke leƙowa. A kanti abin sha'awa ne. Ni kuwa shi ya raba ni da Bodil, abokiyar aikina.

Asger ne ya kawo mana shi. Mijin 'yar maigidanmu ne, da tsohon ya yi ritaya aka ɗora shi a kan kamfanin, mutumin da bai taɓa fere waya ko ɗaya ba a rayuwarsa. Wata Juma'a da safe muna shan kofi da burodi, mu takwas masu aikin lantarki, ya shigo da kwali ya ce kowa ya miƙo tsofaffin sukundirebobinsa. Wai jaka za ta yi sauƙi, bayanmu ya huta. Ba zan yi masa ƙarya ba, abin yana da amfani a lungu mai zurfi. Amma Bodil ta juya shi sau biyu a hannunta ta ajiye.

"Asger, wannan yana girgiɗi. Idan na ɗaure noti, a tafin hannuna nake jin ya kama. Da wannan me zan ji?"

"Za ki saba."

"Shekara talatin ina aikin nan. Kai ne za ka gaya mini abin da zan saba da shi?"

Ta ɓoye tsofaffinta guda uku a ƙasan jaka. Bayan wata biyu ya gani, ya rubuta mata takardar gargaɗi, a kan sukundireba uku! Ya kuma faɗa mata a gabana cewa ta biyu ita ce ta sallama.

Ranar da abin ya faru an tura mu wani gidan ajiyar kifi a bakin tashar jiragen ruwa, mu canza babban makunni a akwatin wutarsu. Manajan wurin, Preben, ya ba mu awa biyu. Muka yanke wuta ƙarfe tara, Bodil ta maƙala kwaɗonta a jikin makunnin kamar yadda aka saba, ta jefa makulli a aljihu. Goma da rabi mun gama.

A sana'armu ba a mayar da wuta sai an ƙirga kayan aiki. Akwatin kowa yana da soso a ciki, an yanka wa kowane abu gurbinsa: filaya, testa, wuƙa, sukundireba. Idan ka ga gurbi babu komai, to wani abu yana cikin akwatin wuta, kuma ƙarfe a kan wayoyi masu nauyi irin waɗannan ba wasa ba ne, fuskar mutum yake ɗaukewa. Na duba nawa, kowane gurbi a cike, na rubuta haka a takardar binciken kaya. Na ce mu tafi.

Bodil ba ta ƙirga da ido. Sai ta ɗaga kowane abu da hannu. Ta ɗaga mariƙina, ta juya bakinsa wajena. Rami ne kawai.

"Mogens, ina tsinken?"

Na sake duba sosona. Tsinkaye biyar suna jere a mazauninsu, na shidan a cikin mariƙi ya kamata ya kasance. Na tuna na yi aiki da shi a can ƙasan akwatin wutar, ban tuna lokacin da ya fita ba. Na lalube aljihuna kaf, babu.

Preben ya iso yana duba agogo. Da ya ji dalili sai ya fara kumfar baki.

"Saboda ɗan ƙarfen da bai kai fensir ba? Kun san kifin da ke cikin ɗakunan nan? Ga motoci biyu suna jira a waje!"

"Rufe ƙofofin ɗakunanka, sanyin zai riƙe," in ji Bodil. Ko kallonsa ba ta yi ba, tana kwance murfin akwatin wutar.

Ya kira Asger, Asger ya kira ni, na miƙa mata waya. Ina jin muryarsa daga inda nake tsaye.

"Bodil, takardar bincike ta ce akwatin kayan aiki a cike yake. Kunna."

"Takardar ba ta ɗaga mariƙin ba."

"Ni na ba ki umarni. Idan wani abu ya faru, a wuyana."

"A wuyanka? Kana ofis da kofi a hannu. Fuskata ce a gaban akwatin, ba taka ba. Idan kana so a kunna, taho ka fasa kwaɗon da kanka."

Bai zo ba. Muka kwance duk abin da muka ɗaura. Muka haska tocila a kowane lungu, muka zura madubi a bayan wayoyi, na kwanta rub da ciki a kan siminti mai sanyi har haƙorana suna haɗuwa. Awa uku muna abu ɗaya. Motocin Preben suka gaji suka tafi babu kaya. Can wajen ƙarfe biyu na miƙe don in miƙar da baya, sai na ji wani abu ya soke ni a gwiwa. Wandon aikinmu yana da aljihun da ake saka soson durƙuso. Tsinken ya zame ya shige can, yana kwance lafiya lau tun safe.

Bodil ta karɓa ta duba, ta ce, "To, yanzu mun sani." Ta cire kwaɗo, ta kunna wuta.

A wurinmu wanda ya yi shirme kek yake saya wa kowa, a ci, a yi masa tsiya, magana ta wuce. Washegari na shigo da babban kek mai kirfa, ina tsammanin shi ke nan. Ko yanka shi ba a yi ba Asger ya kira mu ofis, ni da ita. Preben ya soke kwangilarsa da mu.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, da a kan wayoyin wutar aka tsinci tsinken nan, da Asger ne zai fara tsayawa a gaban mutane yana yabon ta. Aikin da ta yi ɗaya ne, ko a ina aka same shi. Shi ya sayo kayan da ke rabuwa biyu, shi ya bar wa mariƙi da tsinken cikinsa gurbi ɗaya a cikin soso, ni na yar da abin. A cikin mu ukun ita kaɗai ce ba ta yi kuskure ba, kuma ita aka zaunar a kujerar mai laifi.

Asger ya gama dogon surutunsa a kan abokan ciniki, sannan ya juyo wajena.

"Mogens, kai ma tsohon hannu ne. Ka faɗi gaskiya. Da kai kaɗai ne, akwati a cike, ka lalube jikinka, da ka kunna ko ba ka kunna ba?"

Da ba zan kunna ba. Babu mai lantarkin kirki da zai kunna. Amma saura mini shekara uku in yi ritaya, laifin kuma nawa ne, na ga takarda ɗaya ce kawai a kan teburinsa, ban san sunan wa ke jiki ba.

Na ce, "Wataƙila da na kunna."

Bodil ba ta yi mini masifa ba, da ma ta yi. Ta dube ni kawai, ta ce, "Haba, Mogens." Asger ya turo takardar gabanta, gargaɗi na biyu.

Ta sa hannu, ta ajiye nata makullin motar aiki a kan tebur, ta fita. Shekara ashirin da biyu ni nake sauke ta a ƙofar gidanta kowace yamma. Ranar ana ruwa, na tsaya a taga ina kallon ta tana tafiya tashar bas da jakarta a kafaɗa, nawa makullin yana hannuna, na kasa buɗe baki in ce ta zo in kai ta.