Mijin da na zaɓa wa Hajiya

Shekara biyu ina kiwon wani namijin kunama, baƙi wuluk, a kwalba bayan shagona a Mafoni. Dogo nake kiransa, saboda wutsiyarsa. Maƙwabcina Abdulnasir ya are shi don ya haɗa da tasa macen, wadda yake kira Hajiya. Na ce ya ƙosar da ita da kyankyasai tukuna, ya kuma raba su da wuri. Bai yi ko ɗaya ba. Washegari ya kawo mini wutsiyar Dogo a kwalin ashana, yana dariya.

"Gana, amarya ta cinye ango!"

Na ƙullace shi. Ban ƙara taka gidansa ba.

Shi Abdulnasir sai cika baki, ko jinsin kunama bai iya ganewa ba. Bayan wata biyar ya zo da wata ƙatuwar kunama a kwalba, wadda wani manomi ya kamo masa a Dusuman.

"Don Allah duba mini. In namiji ne, Hajiya ta sami sabon miji."

Na ɗaga kwalbar na leƙa ta ƙasa. A ƙasan cikin kunama akwai wani abu kamar mataji. Na namiji dogo ne mai haƙora da yawa, na mace gajere. Wannan gajere ne, ga jiki mai faɗi, ga wutsiya guntuwa. Mace ce, ta fi Hajiya girma, kuma da gani yunwa take ji.

"Namiji ne sosai," na ce. "Haɗa su yau, kada ka ba shi abinci, ya fi kuzari."

Wallahi ranar har tsire na saya wa kaina.

Kwana biyu sai ga shi, ido ja, da murfin roba a hannu. Baƙuwar ta farke cikin Hajiya. Na shirya fuskar jaje, zuciyata fari ƙal.

"Ba ita ta fi ƙona mini rai ba," ya ce. "Duba nan."

Wasu 'yan farare ne kamar ƙwayar shinkafa, sun kai ashirin, ba mai motsi.

"Ashe ciki gare ta, ni na ɗauka ƙiba ce. Kuma ban taɓa haɗa ta da kowa ba sai Dogonka." Ya ajiye murfin a kan bencina. "Naka ne, Gana. Ka yafe mini."