Ranar da Aka Kai Zuhaira Damagaram

A Gangara ba a biki sai da Tabawa. Ita ke guɗa, ita ke kan tukunya, ita ke tsawata wa ƴan mata. Amma tun da ta haura arba'in, ciwon ɓarin kai ya sa ta gaba. In zai taso, sai wani ƙyalli ya riƙa gifta mata a idon hagu, daga nan sai ta ji kamar ana sakar mata taɓarya a gefen kai, har ta yi amai. An yi ƙaho, an sha rubutu, ƙwayoyin kasuwa kuwa sai da suka ɓata mata ciki.

Raishatu, ma'aikaciyar asibitin garin, ita ta zaunar da ita wata rana.

"Inna, ba ni da abin da zai raba ki da ciwon nan. Amma in kin ga alamarsa, ki ajiye aiki, ki shiga inuwa. Ki saki kafaɗunki, ki juya wuya a hankali, ki bi numfashinki, shigarsa da fitarsa. Kada ki yi kokawa da shi."

"Numfashi? Ƴar nan, tun da aka haife ni nake yin sa."

Duk da haka ta gwada. Kullum bayan sallar asuba takan zauna a tabarma tana yi, maƙwabta na cewa Tabawa ta koma hawainiya. Ciwon bai tafi ba, sai dai kwanciyar kwana uku ta koma ta yini ɗaya.

Ranar da za a kai autarta Zuhaira gidan miji a Damagaram, tana tsaka da rabon tuwo ƙyallin ya gifta. Ta miƙa wa ƙanwarta Hajjo mara, ta shige ɗaki ta saki labule. A waje kalangu na tashi. Ta jingina da bango, tana bin numfashinta, hawaye na zuba ta ido ɗaya.

Da la'asar Hajjo ta shigo da amarya, ta durƙusar da ita.

"Yaya, mota na jira. Ki yi mata faɗa."

Wata guda Tabawa ta yi tana tara abin da za ta gaya wa yarinyar nan. Yanzu ko ido ta kasa buɗewa. Ta laluba ta kamo hannun da ya sha lalle, ta ja numfashi sau uku kafin murya ta fito.

"Allah ya yi miki albarka. Je ki."

Zuhaira ta ƙi sakin hannun, sai da Hajjo ta ɓamɓare ta.

Ciwon kan bai sake ta ba sai washegari da hantsi. Ta fito ta tarar da tsakar gida ba kowa, sai ƙudaje a kan tukwanen da ba a wanke ba. Ta tsaya ta daɗe, sannan ta ɗauko soso.