Injiniya Mai Sunan Aro

Ma'aikacin kamfanin ya jera fayil biyu a kan tebur, ya danne su da tafin hannu don kada fanka ta watsa takardun. Ta taga ana hango ƙugiyoyin tashar jirgin ruwa ta Lome suna sauke buhunan shinkafa, ban da guda ɗaya da ta tsaya cak tun makon jiya, hannunta a sama. Tun shigowar Seydou idonsa na kanta. Birki ne, ya riga ya gane.

"Alassani Buraima," in ji ma'aikacin. "An haife shi sha biyu ga Maris, 1960. Wannan injiniya ne, yana neman aiki. Wannan kuma ɗan dako ne, shekararsa shida da mu. Suna ɗaya, uwa ɗaya, lambar takarda ɗaya. To, a cikinku wa aka haifa?"

 Shekara biyar Seydou yana amsa tambayoyin malaman jami'a, ba a taɓa yi masa mai sauƙi kamar wannan ba, ga shi ta fi ƙarfinsa.

* * *

Ba wata mugunta aka ƙulla ba. A Zongon wancan lokaci, unguwar baƙi ta Lome, a ɗaki ake haihuwa, ran bakwai a yanka rago, liman ya raɗa suna, shi ke nan an gama. Wa zai bar sana'arsa ya je ya kama layi a ofishin gwamnati saboda jariri? Haka Asiyatu ta haifi Seydou, mijinta Bobbo ma yana kan hanyar Yamai da babbar mota.

Sai da Seydou ya shekara tara, ranar da ya kwance keken ɗinkin uwarsa ya mayar da shi yana aiki, Bobbo ya ce wannan yaro lekol ya kamata a kai shi, wato makarantar boko. Shugaban makaranta ya ce ba takardar haihuwa, ba kujera, kuma ma shekarunsa sun wuce. Maƙwabciyarsu Adjara mai koko, wadda ta haifi ɗanta Alassani a asibiti, ta ji Asiyatu na ƙorafi ta bayan katanga. Mijinta ya riga ya rantse ɗansa ba zai yi boko ba. Ta zaro takardar daga ƙasan kwalla ta miƙa, kamar yadda take ara mata rariya.

Daga ranar yana da suna biyu. A gida Seydou, a makaranta Alassani. Da sunan Alassani ya ci jarrabawar firamare, da shi ya gama sakandare, da shi ya karɓi katin jam'iyya, ya tsaya cikin rana yana tafi duk ranar da aka rufe aji don maci. Da aka rushe tsohon Zongo aka kwashe mutane zuwa bayan gari, gidajen biyu suka rabu, zumunci ya koma gaisuwar Sallah, daga baya ita ma ta ɗauke. Bobbo ya rasu ɗansa na shekara ta biyu a jami'a. Asiyatu ta ci gaba da ɗinki har idonta ya fara hazo, shi kuwa yana can yana zanen ƙarafa da lissafin nauyin da za su iya ɗauka. Aikinsa na ƙarshe a kan birkin ƙugiya ya yi shi, malamai suka miƙe suka ba shi hannu.

Ba wanda ya tuna cewa mai sunan ma ya girma, ya je ya ce takardarsa ta ɓace, an buga masa wata.

* * *

Ma'aikacin ba mugu ba ne, shi dai fayil ɗaya yake so. Ya rage murya ya bayyana wa Seydou cewa maganar takardar jabu ba ta tsayawa a ofis, wajen jandarma take tafiya, su kuma ba sa tambaya da baki. Amma akwai hanya. Abin da zai yi kawai, ya rubuta cewa shi ne Alassani na gaskiya, ya sa hannu. Mai digiri da Faransanci a gefe guda, ɗan dakon da ke dangwala yatsa a ɗaya gefen, ai an san wanda za a yarda da shi. Ya ba shi zuwa Litinin.

Seydou ya fara neman hanya ta halal. Wani tsohon magatakardan kotu ya saurare shi har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge. Ya ce ana iya yi masa takarda da sunansa, amma Seydou ɗan Bobbo bai taɓa shiga aji ba, ko na firamare. Ga shi uban ɗan ƙetare ne, tallafin karatun da ya ci kuwa na 'yan ƙasa ne. In ya fito da maganar, digirin ya tafi, shi kuma ya shiga hannu.

Da ya gaya wa uwarsa, ta daɗe tana juya zare a yatsa.

"Aro muka yi," ta ce. "Mun manta ba mu mayar ba."

Ya ji haushinta, ya ji haushin ubansa da ke kabari, ya kuma ji kunyar haushin.

Ran Lahadi da hantsi ya sami gidan Alassani a unguwar Baguida, ɗaki biyu kusa da masunta. Alassani ya fito da singileti, kafaɗunsa duk kanta, ya rungume shi yana ta "Yaya, Yaya". Ya kira matarsa Hasanatu ta zo ta ga wanda ya kai sunansa jami'a. Aka soya kifi. 'Ya'ya huɗu suka zo suka durƙusa suka gaida baƙo. Adjara na kwance a ɗakin ciki, ɓarin jikinta ya mutu, katin dakon ɗanta ne ke kai ta asibitin ma'aikata duk wata. Ta gane Seydou, ta riƙe hannunsa da hannun da ke motsi, ta tambaye shi ko takardar ta yi amfani.

"Ta yi, Inna," ya ce.

Bai yi maganar da ta kawo shi ba. Ya ci kifin, ya yi la'asar da su, ya tafi.

Ran Litinin ya je ya karɓi fayil ɗinsa. Ma'aikacin ya ɗaga kafaɗa, ya jawo na mutum na gaba. Ƙugiyar nan ta ƙara wata biyu a tsaye, sai da aka ɗauko wani Bature daga waje ya gyara birkin.

* * *

Yanzu Seydou na garejin manyan motoci a bakin Zongo. Direbobin Yamai da Wagadugu na jiransa kwana biyu, ba su yarda wani ya taɓa musu inji ba. Kowa da sunansa na yanka yake kiransa, wanda babu shi a kan takarda ko ɗaya a ƙasar.

Digirin kuwa ya kai wa Alassani a cikin gilashi. Da Alassani ya ce me zai yi da shi, ya ce masa, "Sunanka ne a kai."

Da Babbar Sallah ya koma gaida Adjara, ya tarar Hasanatu ta rataye shi a bango, saman kwanukanta, ta goge gilashin yana ƙyalli. An kife shi, hatimin na sama, rubutun na kallon ƙasa. Seydou ya ɗaga hannu zai juya shi, sai ya fasa. Ya zauna a tabarmar da ke ƙarƙashinsa, aka kawo masa ruwa ya sha.