Reshen da Sodangi Ya Dasa a Randa

Sodangi ya dawo Gangara daga Makka shi kaɗai, alhali su biyu suka fita. A zamanin Nasara ne, lokacin da talaka ke zuwa hajji da ƙafa, yana tafe yana ƙwadago a gonakin Sudan. Matarsa Kadijatu ta yi hajjinta lafiya. A kan hanyar dawowa, a Sawakin, inda Turawa ke tsare alhazai don gudun annoba, zazzaɓi ya kwantar da ita, kuma a can aka binne ta.

Mutanen gari sun yi masa gaisuwa, sun sha zamzam, sun watse. Mutum ɗaya ce ba ta ce masa uffan ba: Hajjo, uwar Kadijatu. To, Kadijatu 'yar fari ce. Hajjo ba ta taɓa kiran sunanta ba tun tana goye, ba ta tambayar lafiyarta a gaban mutane, haka al'ada ta ce. Ga kuma kunyar suruki. Saboda haka Sodangi ya rasa gane shirun nan: kunya ce, ko kuwa tsohuwar ta ɗora masa alhakin ɗiyarta? Abin ya hana shi sakat. Idan ya je gaishe ta ya durƙusa daga bakin zaure, sai ta amsa daga bayan zana, "Lahiya lau," shi ke nan.

A ƙasan jakarsa akwai wani abu da bai nuna wa kowa ba. Reshe ne fari fat, mai tauri kamar ƙashi, jikinsa duk ƙananan ramuka.

Kafin ciwon ya ci ƙarfinta, Kadijatu takan sa ya raka ta bakin teku. Ruwan garau yake, ana hango ƙasa, kuma a ƙasan akwai wani daji mai rassa, ja da ruwan ƙasa da shuɗi. Idan ruwa ya kwanta sai ka ga kowane rami ya fito da ɗan baki kewaye da siraran yatsu, suna kaɗawa. Ta taɓa kai hannu, duk suka shige lokaci guda, ta yi dariya har da tari. "Su ma kunya gare su, kamar Inna," in ji ta. Wannan ce dariyarta ta ƙarshe da ya ji.

Bayan jana'iza ya shiga ruwan ya karyo reshe. Wani masunci da ya iya Hausa ya gan shi, ya ce masa wannan murjani ne, ba itace ba ne. Dabbobi ne dubbai haɗe da juna, abin da ɗaya ya ci yakan kai ga maƙwabcinsa, kuma a kan ƙasusuwan iyayensu suke gini. In an raba su da ruwan nan sun mutu. Sodangi ya ce ya ji. Amma manomi ne fa, kuma manomin Gobir ba ya yarda wai akwai reshen da ba ya kamawa. Sau nawa ya sari icen dashi, ya yar da shi a rana har ya yi kamar ya bushe, ya kafa a shinge, damina ta zo ya tofo? A hanya reshen ya yi wari, launinsa ya tafi. Ya ce a ransa rani ne kawai ya kama shi.

Ranar kasuwar garin Isa ya sayo sabuwar randa da gishirin Balma. Ya kawo yashi daga gulbi, ya zuba ruwa, yana ƙara gishiri yana ɗanɗanawa har ya yi daidai da abin da harshensa ke tunawa. Ya kafa reshen a tsakiya, ya ajiye randar a ɗakin Kadijatu. Dabararsa ita ce, ranar da bakunan nan suka buɗe zai kira Hajjo ta gani. Don ta san ɗiyarta ta ga abin mamaki, ta yi dariya, ba wahala kaɗai ya kai ta sha ba.

Damina ta zo. Gero ya yi, dashin shinge ya tofo, reshen randa yana nan fari. Kullum in ya dawo gona sai ya zauna gabansa da tuwon da maƙwabta suka aiko, yana ci yana leƙe. Wani lokaci yana yi masa hira. Kaɗaici ya ci shi sosai, gidan ba motsin kowa sai na kaji. Gari kuwa ya ɗauka, wai Alhaji na kiwon dutse.

Wata rana da hantsi bayan girbi sai ga sallamar Hajjo a tsakar gidansa, ita da ba ta taɓa taka shi ba. Ya rasa inda zai sa kansa.

"An ce kana shayar da dutse gishiri," ta ce, tana kallon gefe. "Nuna man."

Ya kawo randar, ya durƙusa, ya ba ta labarin duka: tekun, bakunan, dariyar, har maganar masuncin bai ɓoye ba. Ta sa hannu ta ciro reshen, tana shafa ramukan da babban yatsa.

"Kowane rami da mai shi?"

"Da mai shi, Inna."

"Kuma duk sun mutu."

"Ina dai sa rai..."

"Sun mutu," ta ce. "Da ka bar shi can cikin danginai, da yanzu shina da rai."

A nan ya sami amsar da ya daɗe yana nema, don ba reshen kaɗai take nufi ba, kuma ta yi masa zafi fiye da shirun. Bai ɗago kai ba.

Hajjo ta goge reshen da bakin zanenta, ta daɗe tana kallo. "Wanga ne Kadijatu tat taɓa?" ta tambaya. Sunan ya fito mata da ƙyar.

"Irinai ne, Inna. Wurin guda ne."

"To za ni da shi."

Ta ƙulle shi a haɓar zane ta fita. Sodangi ya ɗauki randar zai zubar da ruwan a gindin shinge, sai ya tuna gishiri zai kashe dashin. Ya mayar da ita ɗakin Kadijatu, ya jawo ƙofa.